Harafi Ɗaya Ba Ya Isa Ya Auna Makaranta

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, daga iyayen yara har 'yan majalisa: in kana son sanin makarantar ƙwarai, duba sakamakon jarrabawarta. Wadda ɗalibanta suka ci da yawa ita ce mai aiki, wadda suka zube kuwa malamanta barci suke yi. A Amurka wannan magana ta wuce hira, ta zama doka. Jihohi da dama kan tattara sakamakon jarrabawar da jiha ke shiryawa duk shekara, su haɗa da wasu alƙaluma, sannan su bai wa kowace makarantar gwamnati harafi guda: A, B, C, D ko F. Jaridu su buga, iyaye su duba, dillalan gidaje ma su saka a tallansu. Jihar Fulorida ce ta buɗe wannan ƙofa a 1999, zamanin gwamna Jeb Bush, wasu jihohi fiye da goma suka bi sawunta.

Masu wannan ra'ayi ba mutanen banza ba ne, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa da kuɗin jama'a ake tafiyar da makarantar gwamnati, don haka jama'a na da haƙƙin sanin abin da ake yi da 'ya'yansu. Suna cewa kafin a fara awo, akwai makarantun da suka shafe shekaru suna yaye yaran talakawa da na baƙaƙen fata ba su iya karatu ba, babu wanda ya ce uffan, domin babu takardar da ta tona asirin. Duk wannan gaskiya ne. Ba na cikin masu cewa a daina jarraba yara, ko a bar makaranta ta zama ita ce alƙalin kanta. Inda muka rabu da su wuri ɗaya ne: ɗaukar da suka yi cewa harafin nan hoton aikin makaranta ne. Shekaru fiye da ashirin na gwaji sun nuna cewa yana auna wasu abubuwa daban, sai a jingina su ga malami.

Abu na farko da harafin ke aunawa shi ne irin yaran da suka shigo ta ƙofar makarantar. Wannan ba sabon labari ba ne. Tun a 1966 wani masanin zamantakewa, James Coleman, ya jagoranci bincike a kan ɗalibai fiye da dubu ɗari shida a faɗin Amurka, bisa umarnin majalisar dokokin ƙasar. Abin da ya fito ya ba mutane mamaki: bambancin da ke tsakanin gidajen da yara suka fito ya fi bayyana bambancin sakamakonsu fiye da bambancin da ke tsakanin makarantunsu. Yaron da ya tashi a gidan da ake karanta masa littafi tun yana goyo, yana cin abinci a kan lokaci, yana da likita da wurin kwana tabbatacce, ya riga ya yi nisa kafin ranar da ya fara sa kayan makaranta. Wanda iyayensa ke sauya gidan haya sau biyu a shekara, ko bai jima da fara jin Turanci ba, daga can baya yake tasowa.

To, in aka ce za a auna makaranta da yawan yaran da suka haye wani maki a ƙarshen shekara, wa aka auna? Dubi jihar Karolaina ta Arewa. A tsarinta, kashi 80 cikin ɗari na harafin makaranta daga makin da yara suka samu yake fitowa, kashi 20 kacal ne ke duba ci gaban da suka yi daga bara zuwa bana. Tun da aka fara fitar da haruffan a 2015, abu ɗaya ake gani: makarantun da suka samu F kusan dukkansu na unguwannin talakawa ne, masu A kuwa galibi na unguwannin masu hali. Wanda ya san kuɗin hayar gida a unguwa zai iya cankar harafin makarantarta ba tare da ya leƙa aji ko ɗaya ba.

Ga misali: manomi biyu ne, ɗaya a fadama ɗaya a kan jigawa. Na fadama ya watsa iri ya tafi harkokinsa, ya dawo ya cika rumbu. Na jigawa ya kai taki a jaki, ya yi noma uku, ya kwashe rabin abin da ɗan'uwansa ya samu, a gonar da da ba ta ba da ko dami biyar. In rumbu kaɗai aka duba, na fadama ne gwani. In ana neman wanda za a ba amanar gona, kowa ya san wanda zai zaɓa.

Birnin Shikago ya nuna wannan a fili. An daɗe ana kallon makarantunsa a matsayin misalin lalacewa, domin makin yaransa yana ƙasa da na tsaka-tsakin ƙasar. A 2017 Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya bi sawun sakamakon yara daga aji uku zuwa aji takwas a gundumomi dubbai, ya tarar cewa yaran Shikago sun yi karatun da ya kai na shekara shida cikin shekara biyar, abin da gundumomi kaɗan ne suka kamo. Yaran sun shigo a baya, makarantun suka ja su gaba da sauri fiye da na unguwannin masu kuɗi da yawa. Ma'aunin da ke kallon maki kaɗai zai ci gaba da kiran waɗannan malamai kasassu.

Abu na biyu, mutane kan ɗauka harafin nan kamar awon sikeli ne, wanda ba ruwansa da son rai. Alhali kuwa mutane ne ke zama a ofis su yanke: maki nawa ne cin jarrabawa, kashi nawa za a bai wa lissafi, kashi nawa ga karatu, a ina B ta ƙare C ta fara. Da zarar an taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, makarantar da ba ta canza ko alli ba sai ta tashi daga wannan harafi zuwa wancan.

A 2012 Fulorida ta tsaurara yadda ake duba jarrabawar rubutun insha'i, aka ƙara sa ido a kan ƙa'idojin rubutu da nahawu. Da sakamako ya fito, yaran aji huɗu da suka ci sun faɗo daga kashi 81 na bara zuwa kashi 27. Ba a yi annobar mantuwa a jihar ba, malaman bara su ne na bana. Hukumar ilimi ta jiha ta kira taron gaggawa, ta sauke makin ci daga 4 zuwa 3, nan take adadin ya koma kusan inda yake. A cikin mako guda yaran nan sun faɗi sun kuma ci, da takardun da suka riga suka rubuta. A birnin Niyok kuwa akasin haka aka gani: a 2009 kashi 97 cikin ɗari na makarantun firamare da na matsakaita suka samu A ko B, saboda jarrabawar jihar ta yi sauƙi. Bayan 'yan shekaru birnin ya yi watsi da haruffan gaba ɗaya.

Misalin jihar Indiyana ya fi ɗaukar hankali. A 2012 lissafi ya nuna wata makaranta mai suna Christel House, wadda wata attajira mai taimaka wa 'yan siyasa da kuɗi ta kafa, za ta samu C. Shugaban ilimi na jihar, Tony Bennett, da ma'aikatansa suka sake duba tsarin lissafin, makarantar ta fito da A. Da saƙonnin da suka yi musaya suka fito fili a 2013, ya ajiye muƙamin kwamishinan ilimi na Fulorida da yake riƙe da shi a lokacin. Adalci ne a faɗi cewa binciken da aka yi daga baya ya ce gyaran yana da hujjar da za a iya karewa, kuma an yi wa wasu makarantu irinsa. Amma wannan ma ya ƙara ƙarfafa maganata. In makaranta ɗaya, da yara ɗaya, a shekara ɗaya, za ta iya zama C ko A kuma kowanne a kare shi da hujja, to harafin ra'ayi ne da aka sa wa rigar lissafi.

Abu na uku shi ne abin da ke faruwa da ma'auni in aka rataya abincin mutum a jikinsa. Wani masanin Amurka, Donald Campbell, ya yi gargaɗi tun cikin shekarun 1970 cewa duk alƙaluman da aka mayar abin yanke hukunci a kan mutane, matsin lamba zai gurɓata su, su kuma gurɓata aikin da aka ce suna aunawa. A farkon 2002 shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da aka yi wa laƙabi da "Kada a Bar Wani Yaro a Baya". Ta wajabta jarraba yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa takwas, ta kuma gindaya cewa kafin 2014 kowane yaro, ɗari bisa ɗari, ya kai matakin ƙwarewa. A lokacin, makarantar da ta yi ta gaza cika ƙa'idar shekara tana iya fuskantar sauya ma'aikata, ko a karɓe ta, ko a rufe. Zuwa 2011 kusan rabin makarantun gwamnatin ƙasar an rubuta su cikin masu gazawa.

Me shugaban makaranta zai yi in aikinsa ya dogara ga yawan waɗanda suka haye layi? Wata mai bincike, Jennifer Booher-Jennings, ta zauna a wata firamare a jihar Taksas ta ga amsar da idonta. Malamai sun kasa yara gida uku: waɗanda za su ci ko ba a taimake su ba, waɗanda ke dab da layi, da waɗanda aka fid da rai da su. Darasin ƙari da kulawar malami duk sai suka koma kan na dab da layi, domin su ne za su motsa alƙaluma. Yaron da ya fi kowa buƙatar taimako shi aka ajiye gefe, a ƙarƙashin dokar da sunanta ke cewa kada a bar shi. A Fulorida, masanin tattalin arziki David Figlio ya gano cewa a lokacin jarrabawa makarantu kan tsawaita dakatarwar da suke yi wa yara masu raunin karatu in sun yi laifi, fiye da ta masu ƙoƙari, don kada su zauna su ja maki ƙasa. Darussan da ba a jarrabawa kuwa, irin su tarihi da zane da motsa jiki, an rage musu lokaci a makarantu da yawa.

Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da ya faru a Atalanta, babban birnin jihar Jojiya. Shekara da shekaru sakamakon makarantun birnin yana ta hawa, har aka naɗa shugabar makarantun birnin, Beverly Hall, gwarzuwar shekara a cikin takwarorinta na ƙasa baki ɗaya a 2009. A wata makarantar matsakaita mai suna Parks, yaran aji takwas da suka ci lissafi sun tashi daga kashi 24 zuwa 86 cikin shekara guda. A taron shekara da ake yi a babban filin wasa na birnin, ma'aikatan makarantun da suka cika adadin da aka yanka musu ne ke zama a gaba kusa da dandamali, sauran a tura su can saman benci, kowa na kallonsu. Jaridar garin ce ta fara cewa ruwa ba ya tsami banza. Da aka duba takardun amsa, sai aka ga gogewa ta yi yawa, kuma kusan duk daga kuskure zuwa daidai. Rahoton da gwamnatin jiha ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44. Wasu kan kulle kansu a ɗaki bayan an tashi, wasu su haɗu a gidan ɗayansu a ƙarshen mako, da fensir da abin gogewa, suna gyara amsoshin yara ɗaya bayan ɗaya. A 2015 kotu ta samu goma sha ɗaya daga cikinsu da laifi a ƙarƙashin dokar da aka tanada don gungun masu aikata manyan laifuka.

Ba na wanke su. Wanda ya goge amsar yaro ya ci amana, kuma malamai da yawa sun sha irin wannan matsi ba su yi ba. Amma a tuna wa ya fi kowa asara: yaran da takarda ta ce sun ƙware, aka hana su darasin gyaran da suka cancanta, suka wuce aji na gaba ba su iya karanta abin da ke gabansu ba. Duk tsawon waɗannan shekaru iyayensu suna duba rahoton gwamnati suna hamdala.

Masu kare tsarin za su ce: ai tsoron F ya sa wasu makarantu sun farka. Haka ne. Binciken da Cecilia Rouse da abokan aikinta suka yi a Fulorida ya nuna makarantun da suka samu F sun ƙara lokacin koyarwa, sun ƙara kula da yara masu rauni, makinsu kuma ya ɗaga. Thomas Dee da Brian Jacob sun tarar cewa dokar 2002 ta ɗaga lissafin yaran aji huɗu, duk da cewa ba su ga irin haka a karatu ba. Wannan ya tabbatar da cewa sa ido yana da amfani. Bai tabbatar da cewa harafin yana faɗin gaskiyar ingancin makaranta ba, kuma tambayoyi biyu ne mabambanta. Sannan ribar tana da kuɗinta. A Fulorida ɗin dai an gano cewa malamai sun fi barin makarantar da aka buga wa F, harafin A kuma yana ɗaga farashin gidajen da ke kewaye da makaranta. Ma'ana, mai hali ya ƙaura zuwa inda A take, gogaggen malami ya bi shi, makarantar F ta rage da yaran da ba su da inda za su da sababbin malamai. Shekara mai zuwa a sake aunawa, a ce ka gani, dama mun faɗa.

Za su kuma ce iyaye ba su da lokacin karanta shafi goma na alƙaluma, harafi ɗaya ya fi sauƙi. Ina ganin an raina iyaye a nan. Babu uban da zai yarda a kawo masa katin sakamakon ɗansa da harafi guda a tsakiya, ba lissafi daban, ba Turanci daban, ba bayanin halayya ko zuwa makaranta. Abin da ba mu yarda da shi ga yaro ɗaya ba, don me za mu yarda da shi ga makaranta mai yara dubu? Makarantu biyu na iya samun C, ɗaya tana hawa daga F, ɗaya tana gangarowa daga A. Uwar da ke neman inda za ta kai 'yarta tana buƙatar sanin wannan, harafin kuwa ya haɗiye shi.

Su kansu masu abin sun fara ja da baya. A ƙarshen 2015 shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta 2002, ta jefar da sharaɗin ɗari bisa ɗari, ta kuma sa jihohi su haɗa da aƙalla ma'auni ɗaya da ba na jarrabawa ba. Da yawansu suka zaɓi yawan fashin zuwa makaranta. Kalifoniya tana fitar da allo mai nuna fannoni daban-daban da launuka, ba tare da dunƙule su wuri ɗaya ba. Niyu Meziko ta soke haruffa a 2019, Mishigan da Yuta suka bi a 2023. A Ingila, hukumar duba makarantu ta Ofsted ta daina yanke wa makarantar gwamnati hukunci da kalma ɗaya a 2024, bayan rasuwar wata shugabar firamare, Ruth Perry, wadda binciken kotu ya ce duban da aka yi wa makarantarta ya taimaka wajen mutuwarta. Babu ɗaya daga cikinsu da ya daina awo. Abin da suka bari shi ne matse makaranta cikin alama guda.

Mu a nan ba mu da dokar A zuwa F, amma tunanin da ya haife ta yana nan a cikinmu. Duk shekara in sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai a jera jihohi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe bisa yawan masu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a yi ta gori. Makarantun kuɗi su rataya ƙyalle a bakin ƙofa suna shelar ɗari bisa ɗari. Ba a cika tambayar yara nawa suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce ba, nawa suka zube a hanya, nawa aka tace da jarrabawar kwalifayin ko ta gwaji kafin a yi musu rajista. Wuraren da ake kira mirakul senta, inda ake biyan kuɗi a rubuta wa yaro amsa a allo, 'yan'uwan ɗakunan Atalanta ne: inda takarda ta fi ilimi daraja, za a samu mai sayar da takarda. A gefe guda kuma akwai malamin ƙauye da ke karɓar yara fiye da ɗari a aji, wasunsu ba su iya haɗa baƙi ba, ya kai rabinsu ga karanta wasiƙa. A jerin jarida makarantarsa tana can ƙasa.

Don haka ga abin da nake roƙon masu wancan ra'ayi, da duk jihar da ke tunanin fara jera makarantunta. A auna yaro ranar da ya shigo, a sake auna shi bayan shekara, a yi wa makaranta hisabi a kan tazarar da ke tsakani. A ƙidaya kowane yaro, har wanda ya daina zuwa, don kada korar mai rauni ta zama hanyar ɗaga suna. A duba shekara uku a jere kafin a yanke hukunci, domin a ƙaramar makaranta yara biyar masu zazzaɓi ranar jarrabawa sun isa su juya alƙaluma. A tura masu duba makarantu su zauna a aji su ga koyarwa da idonsu. Sannan a buga rahoton gwamnati a gefen na makaranta: malamai nawa ta tura, yaushe ta biya albashi, littattafai nawa suka isa hannun yara, ajin yana da rufi ko babu. Hukumar da ke son a ga makin malami a jarida, ta yarda a ga nata a shafi ɗaya da shi.